Botin da Ya Zare a Jitar Cocinmu

Ni Dokas ban iya ɓoye abin da ke cikina ba, kowa a unguwarmu Lokuwa, cikin Mubi, ya san haka. In na ji haushi sai an ji, in na ji daɗi ma sai an ji. To wata huɗu cur na yi ina jin haushin cocinmu, kuma ban bar mutum ɗaya bai sani ba.

Dalili ƙanena ne, Vandi. Shi ne na huɗu a ɗakinmu, kuma ni na raine shi bayan rasuwar mamarmu. Aikin shimfiɗa tayil a daɓen gidaje yake yi, ran Lahadi kuma shi ke kaɗa jitar lantarki a coci, shekara tara ke nan. Ya taɓa shan giya, ban musa ba, sha kuwa na gaske, har akwai ranar da aka kwaso mini shi daga bakin mayo, wato rafi, a keke. Amma ya daina. Shekara biyu ina kallon idonsa kowace safiya, ban ga komai ba.

Wata Lahadi cikin watan Yuli, ana tsakiyar waƙar baiko, lokacin da ake kai sadaka, mata sun taso a layi suna rawa zuwa gaba, sai jitar ta suɓuce daga wuyansa ta daki siminti. Lasifika ta yi wata irin ƙara har jarirai suka fashe da kuka. Vandi ya sunkuya zai ɗauka, ƙafarsa ta harɗe da waya, ya dafa ƙasa da hannu biyu. Shi ke nan magana ta tashi. Rachael, matar Baba Elkana shugaban dattawa, tana kusa da shi a lokacin, ta ce ta ji warin burkutu. Dattawa suka kira shi. Ya ce bai sha ba, botin ne ya zare, wato ɗan ƙarfen nan da ke jikin jita inda ake maƙala bel ɗin da ake ratayawa a kafaɗa. Ba su yarda ba, suka sa shi a horo na wata huɗu.

Wanda aka sa a horo a wurinmu ba korarsa ake yi ba, da ma korar ce da ta fi sauƙi. Zai zo kowace Lahadi ya zauna a benci na ƙarshe kusa da ƙofa. Ba ya waƙa da kwaya, wato ƙungiyar mawaƙan coci, ba ya cin jibin Ubangiji, duk wanda ya shigo kuma shi zai fara gani. Ranar da wa'adi ya cika sai a kira shi gaba, ya faɗi 'yar magana, a yi masa addu'a, ya koma aikinsa.

Ni dai na yarda da ƙanena ɗari bisa ɗari. Na daina gaida Rachael. In ta zo rumfata a kasuwa sayen man gyaɗa sai in ce mata ya ƙare, ga jarka cike a gabana tana kallo. A taron zumuntar mata na tashi na ce akwai masu hancin da ba ya jin warin gidansu sai na gidan wasu. Maman Fasto, wato matar fastonmu, ta ja ni gefe ta ba ni haƙuri, na ce mata haƙurina yana bencin baya tare da Vandi.

Lahadin da horon zai ƙare ta faɗo daidai da godiyar girbi, ranar da coci ke cika har waje. An ce a ranar za a karɓe shi, ya kuma kaɗa jita. Abin da nake so ke nan a duniya, in ga Vandi a tsaye a gaba da jita a wuya, waɗanda suka yi masa dariya suna kallo. Amma na san abu ɗaya: in jitar nan ta sake faɗuwa a hannunsa, ko ruwan sanyi ya sha, sunansa ya gama lalacewa a Mubi.

Akwai kuma abin da na daɗe ina lura da shi. Joel shugaban kwaya, wanda ya karɓi jitar, tun ranar da ya karɓa a kan kujerar roba yake kaɗawa. Ran Alhamis da yamma na same su suna koyon waƙa, na kira shi waje.

"Joel, me ya sa kake kaɗa jita a zaune?"

"Maman Purity, bayana ne ke ɗan damuna," in ji shi, don da sunan 'yata Purity ake kirana.

"Bayanka? Kai da na gani shekaranjiya kana buga ƙwallo a filin makaranta? Ɗauko mini jitar."

Ya ɗauko yana sosa ƙeya. Na kama botin da yatsa biyu, yana rawa kamar haƙorin yaro mai shirin famfara. Joel ya ce ai sau biyu ya zuba masa sufa gulu, gam ɗin nan mai kamawa nan take, ya riƙe kwana uku ya sake. Ya ce yana da niyyar neman sukuru mai kauri ya ɗaure shi da ƙarfi, bai samu lokaci ba.

"Wata huɗu ka san da wannan, ka yi shiru?"

"Ba wanda ya tambaye ni. Amma ba matsala, ran Lahadi sai Vandi ya zauna a kujera kamar yadda nake yi."

Raina ya ɓaci sosai. Na ce masa Vandi ya gama zama, zaman wata huɗu ya ishe shi, a tsaye zai kaɗa ko da ni zan riƙe masa jitar da hannuna. Na naɗe ta a zanena na ɗauka. Joel ya biyo ni yana cewa kayan coci ne, sai da izinin Baba Elkana. Na ce ya gaya masa Dokas ce ta ɗauka, ya san hanyar gidana.

Washegari da safe ban buɗe rumfa ba, na wuce Sabon Layi wurin Malam Ɗanjuma kafinta. Dattijo ne, kakansa daga Katsina ya zo, shi ya yi wa 'yata Purity gado da za ta yi aure. Aikinsa ba ya da na biyu, amma in kana sauri kada ka je wurinsa. Mutumin nan kafin ya ɗauki guduma sai ya kalle ta kamar yau ya fara ganinta.

Na kwance zane na ajiye jitar a kan teburinsa.

"Maman Purity, yau kuma waƙa za mu yi?" in ji shi. "Ni fa ban taɓa taɓa irin wannan ba."

"Malam, ba katako ba ne?"

Ya ƙwanƙwasa bayanta da yatsa, ya saurara. "Katako ne, mai kyau ma."

"To ka taɓa shi."

Ya yi dariya, ya shimfiɗa tsohon buhu don kada fentin ya karce, ya sa tabarau. Ko sukundireba bai ɗauka ba. Da yatsa ya ja botin, ya fito gaba ɗaya da sukurunsa. Ya leƙa ramin, ya girgiza kai, ya ɗauki siririyar waya ya shiga sakace shi a hankali. Busasshen gam ya fara zubowa, fari kamar gishiri. Sai ɗan guntun leda. Daga can ƙasa kuma ya zaro tsinken tsintsiya guda uku, sun murƙushe sun yi baƙi.

"Wannan rami ya ga hannu da yawa," ya ce. "Kin ga sukuru yana kama katako ne da haƙoransa. Nan katakon ya cinye, ba abin da zai kama. Tsinken nan ya daɗe a ciki, ya riga gam ɗin shiga da nisa."

"Ya kai wata huɗu?"

"Ya fi."

Wani daɗi ya rufe ni har na ji hawaye. Na yagi takardar buhun siminti na tattara tarkacen nan duka, gam da leda da tsinke, na ƙulle na sa a jaka. Na riga na tsara yadda zan yi. Ran Lahadi kafin sujada zan shiga ofishin dattawa in baje shi a kan teburin Baba Elkana, in ce ya kira matarsa ta zo ta shinshina wannan ma.

Na gaya wa Malam Ɗanjuma shawarar Joel ta sa sukuru mai kauri. Ya ce Allah ya taimake mu bai samu lokaci ba, don wurin bakin katako ne, da ya tsage shi, kuma tsagewa ba ta da gyara mai sauƙi. Ya ɗauko guntun maɗaci daga ƙarƙashin tebur, ya fere 'yan siraran tsinke da wuƙa, ya riƙa gwada su a ramin ɗaya bayan ɗaya. Waɗanda suka yi masa, ya tsoma su cikin farin gam na kafintoci ya jera su ciki har rami ya cika dam. Ya ɗan buga su a hankali da ƙotar wuƙa, ya yanke abin da ya yi sama, ya goge gam ɗin da ya tsattso da jiƙaƙƙen tsumma.

"To sa sukurun mana," na ce.

"Sai gobe."

"Malam, gobe Asabar, jibi Lahadi."

"Na san kwanakin mako, Maman Purity. In muka murɗa yanzu, komai zai juya tare da sukurun, mun koma inda muka fito. Ki bar shi ya kwana. Gobe da rana ki zo da mai kaɗawar, ina so ya rataya in gani."

Na yi ta magiya, na ce ko a sa ta a rana ta bushe da wuri. Ya ce in ina so fenti ya kumbura in sa. Ya ɗora jitar a saman kabad, ya ce shi zai je ya yi wanka don masallaci. Haka na tafi ina ƙunƙuni a hanya.

Ran Asabar na je har wurin da Vandi ke aiki, wani sabon gida a hanyar Gella, na ce ya wanke hannu ya biyo ni. Ban gaya masa komai ba, ina so ya gani da idonsa. Da muka shiga shagon ya hango jitar a saman kabad, sai ya tsaya a bakin ƙofa. Wata huɗu bai taɓa ta ba. Na ga yatsunsa suna motsi a jikin wandonsa.

Malam Ɗanjuma ya sauko da ita, ya danna wurin da farce, ya ce ya yi. Ya huda ɗan ƙaramin rami a tsakiya da siririyar kusa don sukuru ya samu hanya, ya yanko 'yar fata ya sa tsakanin botin da fenti. Yana shirin ɗaukar sukundireba aka kira sallar azahar. Ya ajiye, ya ɗauki buta, ya ce mu jira shi minti goma.

Da muka rage mu biyu na ciro ƙullin takardar na buɗe a gaban Vandi.

"Kalli nan. Wannan duk daga ramin ya fito. Malam ya ce tsinken ya fi wata huɗu a ciki. Gobe zan kai wa Baba Elkana, a gaban kowa za su ba ka haƙuri, ita da mijinta."

Na ɗauka zai yi murna. Ya kalli tsinken ya daɗe, ya zauna a kan wani benci da ba a gama ba.

"Adda," in ji shi, don haka yake kirana, wato yaya, "ni na sa tsinken nan."

"To ai shi ne. Ka ga ka san botin ya lalace."

"Na sani tun bikin Ista. Na cusa tsinke ya ɗan riƙe. Kullum in ina kaɗawa ina danne jitar da gwiwar hannuna, wata uku ina haka ba ta faɗi ba." Ya goge fuska da tafin hannu. "Ranar nan na manta ban danne ba. Adda, na sha. Maman Timothy ba ta yi ƙarya ba."

Maman Timothy ita ce Rachael. Na ce ya sake faɗa, ya sake. Ya ce da safen ya bi ta gidan wani abokinsa karɓo injin yankan tayil, ya tarar an sauke tukunyar burkutu, aka miƙo masa ƙwarya. Ya ce zai ɗanɗana kawai, ya sha biyu. Tun daga ranar bai sake ba, in ji shi, amma ya kasa gaya mini saboda yadda na tsaya masa.

Ban taɓa jin kunya da fushi sun haɗu mini wuri ɗaya irin na ranar ba. Na tuna jarkar man gyaɗa, na tuna maganar da na yi a taron mata, da idon Rachael lokacin da nake yi. Matar nan ta girme ni da shekara goma, ita ta kwana da ni a asibiti da zan haifi Purity. Na zage shi, ban rage komai ba. Na ce masa maƙaryaci, na ce ya mai da ni mahaukaciya a gari, na ce da mamarmu na da rai da baƙin cikinsa ne zai kashe ta. Bai ɗago kai ba. Wani mai wucewa ya leƙo, na ce masa ya wuce ba da shi nake ba.

Da na gaji na zauna. Jitar tana kwance a tsakaninmu, botin da sukuru a gefe.

"Ba wanda ya sani sai ke," ya ce a hankali. "Horon ya ƙare gobe. In kin yi shiru, shi ke nan."

Gaskiya ne, kuma ba zan ɓoye ba, sai da na yi tunanin haka. In na jefar da takardar na rufe bakina, gobe zai tsaya a gaba, in samu abin da na yi wata huɗu ina jira. Amma Rachael za ta ci gaba da zama matar da ta yi wa yaron mutane sharri, don ni na bi gida gida na liƙa mata wannan suna.

Na ɗauki sukundireba na miƙa masa.

"Tashi ka ɗaure."

"A jira Malam mana."

"Kai ka lalata ramin da tsinkenka, kai za ka ɗaure. In ka gama ka raka ni gidan Baba Elkana, ni zan shiga kai ka tsaya a waje. Nawa laifin zan kai. Naka kuma gobe da bakinka za ka faɗa, a gaba, inda ka faɗi."

"Za su ƙara mini horo, Adda."

"Su ƙara. Ba za ka tsaya a kan ƙarya ba ina raye."

Ya tashi ya sa sukurun. Malam Ɗanjuma ya dawo ya same shi yana murɗawa. Ya kalle ni, ya kalle shi, bai tambayi komai ba. Ya ce masa kawai ya bi a hankali, in ya ji ya tsaya kada ya ƙara ko rabin juyi. Sukurun ya shiga yana 'yar ƙara, ya kama gam. Vandi ya maƙala bel ya rataya, Malam ya ce ya saki hannu biyu. Ya saki. Ya ce ya yi tsalle, ya yi. Jitar ko motsi ba ta yi ba.

Gidan Baba Elkana kuwa, ba na son tuna shi. Na tarar da Rachael tana tankaɗe a tsakar gida, na durƙusa a gabanta, ni Dokas da ban taɓa durƙusa wa kowa ba in ba a addu'a ba. Na ce mata ita ce mai gaskiya. Ta ci gaba da tankaɗenta. Can ta ce in tashi, ƙasa da datti, amma maganar da na yi a taron mata a taron mata zan janye ta. Na ce na yarda.

Ran Lahadi coci ya cika maƙil, an jera buhunan masara da gyaɗa da rake a gaban bagade. Baba Elkana ya kira Vandi. Ya taso daga baya ya bi ta tsakiya, mutane suna juyowa. Aka ba shi makirfo. Ya ce ranar da jita ta faɗi ya sha burkutu, kuma ya yi wa dattawa ƙarya, ya bar 'yar'uwarsa tana faɗa da mutane a kan ƙaryarsa. Na ji wata a bayana ta ja tsaki.

Dattawa suka haɗa kai a gefe. Ba su daɗe ba. Baba Elkana ya dawo ya ce wata huɗun da suka wuce na sha ne, an gama da su. Ƙarya kuma wata biyu, daga yau. Ya ce amma ikilisiya ta sani, ba wanda ya kama shi, shi ya kawo kansa.

Vandi ya ɗauki jitar daga inda aka jingine ta, ya rataya wa Joel a wuya, ya jawo kujerar robar gefe. Na ji ya ce masa ya tashi tsaye, za ta riƙe. Daga nan ya juya ya koma baya. Aka fara waƙar girbi, Joel yana tsaye yana kaɗawa, mata suka taso da kwanonin hatsi a ka. Na bi layi da nawa kwanon ina kuka, ban damu da wanda ya gani ba. Raina a ɓace yake, kuma tun da aka haifi yaron nan ban taɓa alfahari da shi kamar ranar ba.

Ran Litinin ƙarfe biyar na rufe rumfa, na hau keke zuwa hanyar Gella. Na tsaya a ƙofar gidan da suke aiki har ya fito da jakar kayansa, duk jikinsa siminti. Hanyarsa ta zuwa gida ta gidan abokin nan take bi.

Ya gan ni ya tsaya. "Adda, ni fa ba yaro ba ne."

"Na sani."

"Kullum za ki riƙa zuwa?"

"Har wata biyu. In ta kama a ƙara, a ƙara." Na karɓi jakar daga hannunsa. "Wuce mu tafi."